Jar Jaka da Koriyar Jaka

Yayana, Allah ya jiƙansa da rahama, awon hatsi yake yi a kasuwa, amma ba da awo aka san shi a Sakkwato ba. Da ajiya aka san shi. Idan mutum zai yi tafiya mai nisa ya rasa inda zai bar abin da ba ya so a taɓa, sai a ce masa ya kai zauren mai awo na wajen Ƙofar Marke. Yayana zai sa mai kaya ya ɗaure bakin kayansa da hannunsa, ya karɓa ya rataye a jikin azara, shi ke nan. Ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya buɗewa, ba ya barin kowa ya buɗe. Ni da nake ƙanensa, aikina kwafar littattafai, na sha yi masa tayin in riƙa rubuta masa sunayen masu kaya. Yakan ce idonsa ya ishe shi, takarda kuwa gara na cin ta.

Shekarar da Nasara suka shigo gari, mutane da yawa suka ɗaura aniyar yin hijira gabas. Wanda ya iya ɗaukar kayansa ya ɗauka, wanda bai iya ba ya kawo wa yayana. Zauren ya cika har mai shiga sai ya sunkuya. A cikin kayan nan akwai jakunkunan fata guda biyu da baduku ɗaya ya ɗinka, girmansu ɗaya, gezarsu ɗaya. Ɗaya ta wani malami ce, ya zuba littattafan da ya gada daga mahaifinsa. Ɗayar ta wani ɗan koli ce. Ta malamin ja ce, ta ɗan kolin koriya. Yayana ya rataye ta malam a dama da ƙofa, ta ɗan koli a hagu.

Shekaru suka shuɗe. Gari ya lafa, aka saba da ganin Bature bisa doki da hular kwano, waɗanda Allah ya nufa da dawowa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar kayansu. Ana nan wata shekara, gab da damina, rufin zauren ya tsage. Magina suka zo suka sauke duk abin da ke rataye, suka yi gyara, suka mayar da kaya yadda hannunsu ya kai. Ba wanda ya ga abin damuwa a nan, domin ja dai ja ce, koriya kuma koriya, ko an rataye su a ina.

Ɗan kolin nan bai dawo Sakkwato ba, ya zauna a Jega ya yi aure. Ya aiko wani mai jakuna da yayana ya sani, ya ce a ba shi koriyar jakarsa. Yayana ya miƙa hannu hagu da ƙofa, ya sauko da jaka, ya kakkaɓe ƙura ya bayar. Ina kasuwar takarda a ranar, ban gani ba.

Ba a daɗe ba sai ga malamin ya dawo. Tafiya ta ci shi, ya rame, ya yi baƙi, fushinsa kuma ya matso kusa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, maƙwabta har da liman suka taru yi masa barka da zuwa, aka sha fura, aka yi addu'a ga waɗanda suka kwanta a hanya. Sannan ya ce a ba shi ajiyarsa. Yayana ya sauko da jakar da ta rage ya ajiye a gabansa.

Malam ya dubi jakar ya ce, "Wagga ba tawa ba ce. Tawa ja ce."

Yayana ya ce, "Taka ce, Malam. Biyu anka kawo, mai ɗaya ya amshi tashi."

"Na ce maka ja ce tawa. Wagga koriya ce."

"To, ja ko koriya, ai duk ita ce."

Malam ya ɗauka raini ne. Ya zaro wuƙa ya yanke ƙullin a gaban jama'a ya zazzage. Sai ga jigida tana zuba a tabarma, ga tozali a ƙulle cikin tsumma, ga ƙananan madubai, ga zobban tagulla suna gangarawa har ƙarƙashin ƙafar liman. Kowa ya sunkuyar da kai yana fama da bakinsa. Wani tsoho mai sayar da igiya, wanda ba ya iya riƙe magana, ya ɗauki jigida ɗaya ya ɗaga ya ce, "Malam, wanga wane babi ne? Mu ba mu kai nan ba."

Dariyar da aka yi ita ta ɓata al'amarin. Da ba a yi ta ba, da wataƙila an zauna an bi sawun jakar cikin natsuwa. Malam ya miƙe a fusace. A lokacin kuwa akwai wani Bature da aka ce yana sayen tsofaffin littattafai ta hannun masinjansa, kuma ba abin da ya fi wannan muni a kunnen mutanen garinmu. Malam ya nuna yayana da yatsa ya ce ya sayar wa Nasara littattafan mahaifinsa, ya musanya masa da kayan mata don ya tozarta shi. Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa. Kashegari mutum biyu suka zo suka karɓi ajiyarsu, ba su ko zauna ba. Yayana ba shi da gona, ba shi da sarauta, ba shi da ilmi mai yawa. Sunan nan na amana shi ne duk abin da ya tara, ga shi ana kwashewa a gabansa.

Aka kai ƙara gaban alƙali. Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana, yakan lumshe ido idan ana bayani har ka zaci barci yake yi. Yayana ya faɗi yadda aka yi, ya ce jakunkunan nan kamar tagwaye suke, ba abin da ya raba su sai wurin rataya. Aka kira badukun da ya ɗinka su. Ya ce ya tuna sarai, ɗaya ya rina ta da karan dafi ta yi ja jawur, ɗaya kuma koriya shar, makaho kaɗai zai haɗa su.

Alƙali ya ce wa yayana, "Ka ji abin da baduku ya ce."

Yayana ya ce, "Allah shi gafarta Malam, na ji. Baduku ne, dole shi yabi rininshi. Ni abin da nig gani shi nika faɗi. Launinsu guda."

Mutane suka yi guna-guni. Ni kaina na ji kunya ta rufe ni, domin na ga jakunkunan nan shekara da shekaru, na san ɗaya ja ce ɗaya koriya. Ban taɓa jin yayana ya yi ƙarya ba, ga shi yau yana yin wadda ko yaro ba zai yi ba, kuma fuskarsa a sake kamar mai karanta Fatiha. Alƙali ya buɗe ido ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce a dawo bayan Juma'a, a kuma tura mutum Jega. Amma ya ce ko jakar ta dawo, sai an san dalilin da ya sa mutum zai tsaya gaban shari'a ya ce ja da kore ɗaya ne, domin wanda ya yi ƙarya a ƙaramin abu ba a ba shi ajiyar babba.

Na koma gida raina a jagule, na shiga wajen matar yayana. Tsakanina da ita akwai wasa irin na ƙanen miji, ba ma gaisawa sai da tsiya. Na same ta tana tsinke barkono a faifai. Na ba ta labarin abin da mijinta ya faɗa, ina jiran ta yi salati. Sai ta ajiye faifan ta kama dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Ke, tsohuwar banza, ana shirin tozarta mijinki kina dariya?"

Ta ce, "Mijina ƙarami, kai da ka iya karatu, yau kag gane? Ni tun ina amarya na sani."

Ta ce ranar da aka kawo ta, an yi mata ƙunshi hannu da ƙafa, lalle ya kama ya yi ja kamar garwashi. Ango ya shigo ya dubi hannunta, ya ce mata cikin tausayi ko ta taɓa laka ne a hanya, ga ruwa can a buta. Ta yi kuka a ranar. Daga baya ta lura ko an aike shi bayan gida ya tsinko jan barkono, sai ya dawo da ɗanye da nunanne a haɗe, ya ce duk sun nuna. Ta ce, "Na bar shi. Namijin da ba shi ganin lallena, ba shi ganin na wata. Mi zan gyara a nan?"

Na fita zaure na sami yayana zaune shi kaɗai a ƙarƙashin azarar da ta fara yin fili. Na ɗauko kurtun jar tawada da nake wasali da ita, na tsinko ganyen zogale, na ɗiga tawadar a takarda na ajiye ganyen kusa da ita. Na ce, "Yaya, wanne ne ja?"

Ya duba ya ce, "Wanda kaka so."

Muka daɗe muna magana, a nan na ji abin da ban taɓa zato ba. Shi a wurinsa, ja da kore sunaye biyu ne na abu guda, irin yadda masu doki ke da suna goma ga doki ɗaya don su burge mai saye. Tun yana yaro ya ɗauka iyayi ne na mutane, musamman mata da dukawa. Idan aka ce jini ja ne sai ya ce ja, idan aka ce ciyawa koriya ce sai ya ce koriya, don a zauna lafiya. Har ya ce mini shi bai ga dalilin da ake kiran Bature jan kunne ba, shi dai yana ganin kunnen nan kamar ganyen kabewa.

Na ce masa wannan shi ne mafitarsa, ya je ya gaya wa alƙali idonsa ne ke da aibi. Ya ƙi. Ya ce idon da ke hango tsakuwa guda cikin mudun gero ba shi da aibi, kuma ba zai sayi sunansa da ƙarya a kan idonsa ba. Na lallashe shi, na kawo masa misalai daga littattafai, ya ce littattafan ma masu irin idona suka rubuta. Da na ga ba ci gaba, sai na je na sami alƙali a gidansa bayan azahar na gaya masa labarin lalle da barkono. Ya saurara ido a lumshe. Na ga gemunsa na motsi.

Ranar zama, wanda aka tura Jega bai dawo ba tukuna. Alƙali ya sa baduku ya kawo sababbin jakunkuna biyu irin waɗancan, ja da koriya, aka ajiye a tsakar fili. Ya ce wa yayana, "Duk wanda ke nan yana ganin launi biyu. Abin da jama'a mai yawa ta haɗu a kai, waɗanda ba su yiwuwa su haɗa baki, malamai sun ce yana ba da yaƙini. Mi ka ce?"

Yayana ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ba malami ba ne. Amma shekarar da Nasara sunka zo, duk garin ga anka haɗu a kan harsashinsu ruwa za shi zama. Ni ɗai nic ce ban gani ba tukuna."

Wani ya yi tari. Malam mai ƙara ya kawar da kai, domin shi yana cikin waɗanda suka fi kowa faɗin haka a lokacin. Alƙali ya shafa gemu ya ce, "Ka yi magana. To, mu bar yawan baki. Kai za ka yi mana alƙalanci."

Ya sa aka ba yayana ƙwallon goriba guda. Ya ce ya ɗauki jakunkunan ya shiga bayan katanga shi kaɗai, ya jefa ƙwallon a cikin wadda baduku ya kira ja, ya jujjuya su yadda ya ga dama, ya fito ya ajiye. Sannan a tare duk wanda ya zo wucewa a hanya, wanda bai san abin da ake yi ba, a ce ya nuna ja. In launin nan iyayi ne kawai, masu wucewa za su rarrabu, wani ya nuna wannan wani ya nuna waccan.

Yayana ya yarda da murna, yana ganin yau zai kama gari duka da hannu. Ya shiga ya fito. Aka tare wani mai ruwa, ya nuna jaka, aka girgiza, goriba ta yi ƙara. Yayana ya ce sa'a ce. Ya koma ya sauya musu wuri. Aka tare wata tsohuwa mai fura, ta nuna da haɓa ba ta ko sauke ƙwaryarta ba, ta ce in ba saye za a yi ba a bar ta ta wuce. Goriba ta yi ƙara. Yayana ya ce baduku na ƙifta musu ido, aka fitar da baduku. Ya ce ni ne, aka juya ni ina kallon bango kamar mai laifi. Aka tare wani Bafillace da sandarsa, aka tare wani dogari, aka tare wani Ba'adare da ko Sakkwato bai taɓa kwana ba. Kowa ya zo sai ya nuna mai goriba, ya tafi yana mamakin wannan shari'a.

A karo na ƙarshe yayana ya daɗe a bayan katanga. Da ya fito ya ajiye jakunkunan, alƙali ya ce, "Kafin a kira kowa, kai nuna mana mai goriba, kada ka taɓa."

Yayana ya tsaya a kansu. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya jujjuya su da yawa har shi kansa ya ɓace. Mutane suka fara dariya, sai dariyar ta mutu da kanta, domin an ga fuskarsa. Ya tsuguna a hankali, ya sa hannu ya shafa fatar ɗaya, ya shafa ta ɗayar, kamar mai neman wani abu da aka ce ya faɗi a wurin.

Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe da gaske akwai wani abu nan."

Alƙali ya ce, "Akwai."

"Kuma kowa na ganin shi."

"In ban da kai, da waɗanda Allah ya yi irinka. Mu ma wa ya san abin da ke gabanmu da ba mu gani."

Sannan alƙali ya yanke hukunci. Ya ce mai awo bai yi ƙarya ba, ya faɗi iyakar abin da aka ba idonsa, kuma ba a kama mutum da abin da ba a ba shi ba. Ya ce shaidarsa karɓaɓɓiya ce a kan komai a garin nan, ban da launi. Ya juya wajen malam ya ce zargin sayar wa Nasara littafi babban abu ne, ya jira mutumin Jega kafin ya sake furta shi.

Mutumin Jega ya dawo da jar jaka. Ɗan kolin ya buɗe ta tun tuni, ya ga littattafai, shi kuwa ko alif bai sani ba. Ya ɗauka wata albarka ce ta biyo shi, ya rataye a ɗakinsa, yana cewa tun da ta zo ciniki ya buɗe. Da ƙyar ya sake ta, sai da aka mayar masa da jigidarsa. Malam ya ƙirga littattafansa a zaurenmu, ya same su cif, har da busasshen ganyen da mahaifinsa ya sa alama da shi. Ya nemi gafara a gaban mutanen da suka yi masa dariya, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai irin zuciyarsa. Mutum biyun da suka kwashe ajiyarsu suka dawo da ita, kowa da uzurinsa. Wasu ma suka ƙaru, domin labari ya bazu cewa ga mutumin da ya kwana shekaru a ƙarƙashin jaka bai san ko littafi ne a ciki ko jigida ba. Daga ranar yayana ya riƙa sa kowane mai kaya ya ɗaura wata alama da hannu ke iya ji, wani ƙaho, wani wuri, wani guntun kara.

Sai dai mu mutanen gida mun biya kuɗin wannan shari'a da kunnuwanmu. Yayana ya daina faɗin komai kai tsaye. In ka ce masa rana ta yi zafi, sai ya ce haka aka ce. In ka ce miya ta yi gishiri, sai ya ce a tare mai wucewa a tambaya. Ni ya fi takura wa. Yakan zo ya tsaya a kaina ina wasali da jar tawada, ya ce, "Ƙane, abin da kaka gani a nan, shi alƙali ka gani? Ko dai tun kuna yara anka nuna muku abu guda anka ce ku ce ja, kowa da nashi a ciki?" Nakan ce masa goriba ta riga ta raba gardama. Sai ya ce goriba ta nuna muna rarrabe jaka da jaka, ba ta nuna abin da kowa ke gani ba, don ba wanda ya taɓa shiga idon wani ya leƙo. Na nemi amsar wannan a littattafan da na kwafa, na tambayi waɗanda suka fi ni, har yau da furfura ta cika mini kai ban samu wadda za ta rufe masa baki ba. Allah shi ne masanin yadda abubuwa suke.

Da Sallah ta zagayo, na gan shi ya dawo daga kasuwa da ƙullin lalle a aljihu, abin da bai taɓa saye ba. Ya miƙa wa matarsa. Ranar idi da hantsi na shiga gaishe su, na tarar ta miƙa masa hannuwa biyu, shi kuma ya riƙe yana ta dubawa, yana juya su wajen haske.

Ta ce, "To, Malam, laka ce ko in bar ta?"

Ya ce, "Bar ta. Ni dai ban gani ba, amma shaidunki sun yi yawa."